Su Wa Ke Taimaka wa Marasa Ƙarfi Su Ci Gaba da Riƙe Dabbobinsu? Tambayoyi da Amsoshi

A Amurka da Birtaniya akwai ƙungiyoyin sa-kai da ba su da wani aiki sai hana talauci raba iyali da karensu ko kyanwarsu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin masu neman taimako, da masu son ba da gudummawa, da kuma waɗanda ke ganin abin kamar ɓata kuɗi ne.

Wane irin aiki ne wannan, kuma me ya bambanta shi da gidan ajiye dabbobi?

Gidan ajiye dabbobi yana karɓar dabbar da ta rasa mai ita, ya ciyar da ita, ya nemo mata sabon gida. Waɗannan ƙungiyoyi kuwa tun kafin a kai ga haka suke shiga maganar. Dabbar tana da gida, tana da masu son ta, abin da ya rage kawai shi ne buhun abinci, ko kuɗin tiyata, ko gyaran shingen da ya karye har kare yake ficewa titi. Sai su biya wannan buƙata, dabbar ta zauna inda take.

Da yawa daga cikin masu wannan aiki daga gidajen ajiyar suka fito. Sun shekara suna karɓar igiyar kare daga hannun mutumin da ke share hawaye, suna rubuta "mai ita ya sallama" a takarda, har suka fara tambayar kansu ko kuɗin da za a kashe wajen tsare dabbar makonni a keji bai fi abin da mutumin ya rasa yawa ba. Sau da yawa ya fi.

Idan mutum ba shi da hali, me ya kai shi ajiye dabba tun farko?

Babu ma'aikacin irin wannan ƙungiya da bai sha jin wannan tambaya ba, kuma amsarsu kusan ɗaya ce: yawancin mutane ba a cikin talauci suka ɗauko dabbar ba, talaucin ne ya same su tare. Kare yakan kai shekara 10 zuwa 13 a raye, kyanwar cikin gida takan wuce 15. A tsawon wannan lokaci aiki yana iya ƙarewa, aure ya mutu, ciwo ya kwantar da mai nema, kuɗin haya ya ninka. Wasu kuma ba su je neman dabba ba sam. Tsintar ta suka yi a bayan bola, ko suka gaje ta daga uwar da ta rasu.

Akwai kuma abin da masu tambayar ba su cika lissafawa ba. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a bene, kyanwar nan ce kaɗai mai rai da take yi wa magana daga safe zuwa dare. Masu kai wa tsofaffi abinci gida-gida a Amurka ƙarƙashin shirin Meals on Wheels sun lura cewa wasu suna raba ɗan abincin da aka kawo musu da dabbarsu, shi ya sa rassan shirin da dama suka fara haɗawa da abincin dabba a motar. A ganina wannan kaɗai ya isa amsa. Cewa a ƙwace dabbar ba ya ƙara wa tsohuwar ko sisi, sai dai ya ƙara keji ɗaya a gidan ajiyar da ya riga ya cika.

Wa ya fara irin wannan aiki?

Sunan da ake fara ambata a Birtaniya shi ne Maria Dickin, wadda aka haifa a 1870. Ta shiga unguwannin matalauta na gabashin Landan ne don aikin jinƙai ga mutane, sai ta ga jakuna da dawakan masu tallan kaya guragu, da karnuka da kyanwoyi marasa lafiya, masu su ba su da kuɗin likita. A watan Nuwamban 1917 ta buɗe ɗakin magani a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a unguwar Whitechapel, ta kafa allo a ƙofa mai shaida wa jama'a su kawo dabbobinsu marasa lafiya, magani kyauta ne. Wannan shi ne mafarin PDSA, ƙungiyar jinƙai mai yi wa dabbobin marasa ƙarfi magani, wadda a yau take da asibitocin dabbobi kusan 50 a faɗin ƙasar.

Ba da tafi aka tarbe ta ba. Hukumar likitocin dabbobi ta lokacin ta yi mata ca, don yawancin masu aikinta ba su da shaidar likitanci, kuma likitoci na ganin tana janye musu masu biya. Ita kuma ba ta janye ba. An daɗe ana wannan ja-in-ja kafin aka daidaita, PDSA ta koma ɗaukar ƙwararrun likitoci. Blue Cross, wata ƙungiyar jinƙan dabbobi, ita ma tsohuwa ce: an kafa ta a 1897, ta buɗe asibitinta na unguwar Victoria a Landan a 1906.

A wannan zamani fa, wane irin mutane ne ke kafa su?

Galibi mutane ne da suka yi kiciɓis da abu ɗaya a titi, ya ƙi fita daga ransu. Lori Weise tana aiki ne a wani kamfanin kayan ɗaki kusa da Skid Row, unguwar marasa matsuguni ta Los Anjeles, lokacin da ta fara taimaka wa masu kwana a titi da karnukansu a 1996. Daga nan ƙungiyarta, Downtown Dog Rescue, ta samo asali. Genevieve Frederick ta ga wani mara matsuguni da karensa a birnin New York, ta koma Nevada ta kafa Feeding Pets of the Homeless a 2008. Amanda Arrington ta fara ne da gina wa mutane shinge kyauta a Durham ta jihar North Carolina don a kwance karnuka daga sarƙa, kafin ta jagoranci shirin Pets for Life na Humane Society of the United States.

Akwai likitoci a cikinsu. Dakta Kwane Stewart ya yi aiki a gidan ajiye dabbobi na gwamnati a Kaliforniya a lokacin karayar tattalin arziki, inda yi wa dabbobi allurar mutuwa ya zama aikin kullum har ya kusa barin sana'ar. Wata rana ya tsaya ya duba karen wani mara matsuguni a gaban kanti, ƙuma ta cinye masa fata, ya kawo magani, kare ya warke. Daga baya shi da ɗan'uwansa suka kafa Project Street Vet, kuma tashar CNN ta zaɓe shi gwarzonta na shekarar 2023. A Landan, likitoci biyu, Jade Statt da Sam Joseph, kowannensu ya fara yawon titi da jakar magani a baya, suka haɗu suka kafa StreetVet.

Abin lura shi ne kusan dukkansu da son dabba suka shigo, amma abin da ya riƙe su shi ne mutanen.

Ban da waɗanda suka kafa, wa ke yin aikin yau da kullum?

Mutanen da ba a jin sunansu. Akwai mai amsa waya, wadda ita ce ke fara jin muryar mutum yana cewa "an ce in kawo dubu biyu ko a yi masa allurar mutuwa." Akwai ma'aikatan jinyar dabbobi, da direbobin da ke ɗauko kyanwa daga gidan da babu mota su kai ta asibiti su dawo da ita da yamma, da masu zuba abinci daga manyan buhuna zuwa ƙananan leda, da masu riƙon dabba a gidajensu na ɗan lokaci. Ƙungiyoyi da yawa yanzu suna ɗaukar ma'aikatan jin daɗin jama'a, don wanda ya rasa abincin kare sau da yawa shi ma bai ci ba.

Shirin Pets for Life ya yi suna da bin gida-gida a unguwannin da babu asibitin dabbobi ko kantin abincinsu a kusa, a birane kamar Philadelphia da Los Anjeles. Mai ƙwanƙwasa ƙofa ba ya zuwa da wa'azi. Yakan tambayi sunan karen, ya bar ɗan abinci ko abin wuya, ya tafi, ya sake dawowa. Mafi iya wannan aiki su ne 'yan unguwar, musamman waɗanda su ma an taɓa taimaka musu, don ƙofar da ba za ta buɗe wa baƙo mai riƙe da takardu ba tana buɗe wa maƙwabci.

Me ke faruwa idan mutum ya riga ya isa gidan ajiya da niyyar sallama dabbarsa?

A wasu wurare zai tarar da tebur a bakin ƙofa kafin ya kai ga kanta. Downtown Dog Rescue ta fara haka a gidan ajiya na kudancin Los Anjeles a 2013. Mai zama a teburin yana da tambaya ɗaya: me zai sa ka koma gida da shi yau? Amsoshin sukan ba da mamaki saboda ƙanƙantarsu. Wani kuɗin fansar karensa ne da jami'ai suka kama a titi, kuɗin yana ƙaruwa kowace rana. Wata kuma mai gidan haya ne ya ce sai ta kawo shaidar rigakafi. Wani ƙofar shinge ce ta ɓalle, maƙwabta suka kai ƙara.

Ba kowa ke komawa da dabbarsa ba, kuma mai teburin da ya san aikinsa ba ya tilasta wa kowa. Wanda ya yanke shawara bayan ya ji duk hanyoyin da ke akwai, a bar shi ya sallama ba tare da an harare shi ba.

Me ya sa kuɗin likitan dabbobi yake gagarar mutane haka?

Babu tsarin lafiya na gwamnati ga dabba. Tsarin lafiyar gwamnati na NHS a Birtaniya na mutane ne, na Medicaid a Amurka ma haka. Katin tallafin abinci na SNAP a Amurka ba ya sayen abincin dabba. Asibitocin dabbobi kuma yawanci nan take suke son a biya, kafin a fita da dabbar. A lokaci guda likitancin ya ci gaba ƙwarai, ana hoton ciki, ana gwajin jini iri-iri, ana maganin daji, kuma kowanne da farashinsa.

A Birtaniya akwai ƙarin magana: manyan kamfanoni shida sun sayi kusan kashi 60 cikin 100 na asibitocin dabbobi, alhali a 2013 kusan kashi 10 ne a hannunsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta buɗe cikakken bincike a kan harkar a 2024. Shi ya sa likitocin da ke aiki da marasa ƙarfi suke zaunar da mutum su jera masa hanyoyi daga mai tsada zuwa mai sauƙi, maimakon su ce ko tiyata ko allurar mutuwa. Karayar ƙafa wani lokaci ɗauri da hutu suna isa, wani lokaci yanke ƙafar ya fi araha, kuma kare mai ƙafa uku yana gudunsa lafiya lau.

Wa ya cancanci taimako, kuma waɗanne takardu ake nema?

Kowace ƙungiya da ƙa'idarta. PDSA tana duba abu biyu: ko mutum yana karɓar wasu nau'o'in tallafin gwamnati, kamar na kuɗin haya, da ko yana zaune a yankin da asibitinta ke kula da shi. Magani kyauta ga dabba ɗaya ne a gida, sauran a farashi mai rahusa. A Amurka wasu suna neman shaidar tallafi ko ta albashi, wasu kuma lambar unguwa kawai suke tambaya. Masu raba abinci da masu aikin titi da yawa ba sa neman komai, don sun san wanda ke kwana a mota ba shi da takardar wuta da zai nuna.

Abu ɗaya da ya kamata a sani: yawancin masu biyan kuɗin magani asibitin suke biya kai tsaye, kuma ba sa mayar wa mutum kuɗin da ya riga ya kashe. Don haka a kira su kafin a sa hannu a kan tiyata, da takardar ƙiyasin likita a hannu. Idan abin da ƙungiya ɗaya za ta bayar bai kai ba, ana haɗa biyu ko uku.

Idan suka ga halin da nake ciki, ba za su ƙwace mini dabbar ba?

Wannan tsoro ne ke hana mutane da yawa ɗaga waya har ciwon da bai kai ya kawo ba ya zama babba. Ƙungiyar taimako ba hukuma ba ce, ba ta da ikon shiga gida ta ɗauki dabba. Kuma duk wanda ya daɗe a aikin ya san bambancin rashi da mugunta. Karen da gashinsa ya cukurkuɗe, farcensa ya yi tsawo, amma yana manne da ƙafar mai shi, labarinsa daban da na wanda ke maƙewa idan an ɗaga hannu. Inda aka ga duka ko yunwa da gangan, za a kai rahoto, kuma ya kamata a kai. Zuwa neman taimako kuwa shi kansa shaida ce ta kulawa.

Mai gidan haya ya ce ko ni ko kare. Akwai abin da za su iya?

Matsalar muhalli tana cikin manyan dalilan rabuwa da dabba, kuma ita ce mafi wuyar magancewa, don buhun abinci ba ya warware ta. A Amurka masu gidaje sukan nemi ƙarin kuɗin ajiya saboda dabba, wasu har da ƙarin haya kowane wata, wasu kuma su hana wasu jinsunan karnuka ko duk wanda ya wuce wani nauyi. Ƙungiyoyi sukan biya kuɗin ajiyar, su rubuta wa mai gida wasiƙa da shaidar rigakafi da ta horo, ko su haɗa mutum da lauyan masu haya na kyauta. A Ingila dokar 'yancin masu haya ta 2025 ta ba ɗan haya damar neman izinin ajiye dabba, kuma ba a yarda mai gida ya ƙi ba tare da dalili mai ma'ana ba.

Idan tashi ya zama dole, mafita ita ce riƙo na ɗan lokaci, wanda aka yi bayaninsa a amsa ta gaba.

Za a kwantar da ni a asibiti, ko zan gudu daga gidan da ake dukana. Ina zan kai dabbar?

A nan masu riƙo suke shigowa: mutum ya karɓi dabbar a gidansa na makonni ko watanni, da yarjejeniya a rubuce cewa ta mai ita ce. An daɗe da gane cewa mai dukan matarsa yakan yi amfani da dabbar gida wajen tsoratarwa, kuma mata da yawa suna jinkirta gudu saboda mafakar mata ba ta karɓar kare. Ƙungiyar Dogs Trust ta Birtaniya ta buɗe shirinta na Freedom a 2004 saboda haka, kuma ana ɓoye wa kowa inda dabbar take. A Amurka RedRover tana ba mafakar mata kuɗi su gina wurin dabbobi, kuma dokar tarayya ta 2018 ta shigar da dabbobin gida cikin kariyar da ake ba waɗanda ake cin zarafinsu.

Ga tsofaffi da masu ciwon ajali a Birtaniya akwai Cinnamon Trust, wadda Averil Jarvis ta kafa a 1985. 'Yan sa-kanta suna fita da karen wanda ƙafa ta gaza, su riƙe shi idan an kwantar da mai shi, kuma ana iya yin rajista tun da rai don a san inda dabbar za ta. A San Francisco, ƙungiyar PAWS ta taso ne a shekarun 1980 don kula da dabbobin masu cutar ƙanjamau da ƙarfinsu ya ƙare. Bala'i ma ya koyar da darasi: a guguwar Katrina ta 2005 mutane da yawa sun ƙi barin gidajensu don motocin ceto ba sa ɗaukar dabba, sai Amurka ta yi doka a 2006 da ta sa dole a saka dabbobin gida cikin shirin kwashe jama'a.

Dole ne sai an yi wa dabbata fiɗiya kafin a taimaka mini?

Wasu suna sharɗanta haka, musamman masu raba abinci kowane wata, kuma su suke biyan kuɗin aikin. Hujjarsu a fili take: kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, ta haihu sau biyu ko uku a shekara, gidan da ya kasa ciyar da ɗaya ba zai iya da bakwai ba. Cire mahaifa kuma yana kare karya daga ruɓewar mahaifa, ciwon da tiyatarsa ta gaggawa ke da tsada sosai. Wasu ƙungiyoyin sun bar sharaɗin, suna tayi ne kawai su jira, don sun ga wanda aka matsa wa ba ya dawowa, wanda aka bi a hankali kuwa da kansa yake kawo dabbar, har ya kawo ta maƙwabci.

Daga ina kuɗinsu ke fitowa, kuma yaya zan gane ta gaskiya?

Daga jama'a. PDSA ba ta karɓar kuɗin gwamnati don aikin asibitocinta. Wasiyyar mamata, gudummawar wata-wata da shagunan kayan gwanjo ne ke riƙe da ita. Ƙananan ƙungiyoyin Amurka sun dogara da tallafi daga irin su PetSmart Charities, Petco Love da Maddie's Fund, sai kamfanonin da ke ba da abincin da ya kusa ƙare wa'adi ko buhunsa ya yage.

Bincike ba shi da wuya. A Ingila da Wales kowace ƙungiyar jinƙai mai rajista tana da lamba a kundin hukumar kula da su, inda ake ganin kuɗin shiga da na fita da sunayen amintattu. A Amurka takardar haraji mai lamba 990 a buɗe take ga kowa, har da albashin manyan ma'aikata. Kada albashi ya tsorata mai bayarwa, likita da mai amsa waya su ma suna biyan haya. Abin gudu shi ne mai yawan hoton dabba cikin jini, ba adireshi, ba sunan asibitin da ake biya, kuɗi kuma a tura asusun mutum ɗaya.

Idan ciwon ya fi ƙarfin magani fa?

Nan ma suna da aiki. Akwai mutanen da ke kai tsohon kare gidan ajiya ba don sun gaji da shi ba, sai don ba su da kuɗin allurar da za ta kawo ƙarshen wahalarsa, sai ya mutu a hannun baƙi. Ƙungiyoyi da dama suna biyan wannan kuɗi a asibiti don mai shi ya kasance a ɗakin, yana dafe da kan karen.

Wannan ɓangare ne ke cin ma'aikata. Kowace rana akwai wanda za a ce wa asusun wata ya ƙare. Binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa masu kashe kansu sun fi yawa a tsakanin likitocin dabbobi idan aka kwatanta da sauran jama'a. Don haka idan mai amsa waya ta ce ba za su iya ba, yawanci ita ma da maganar za ta kwana.

Ni ba likita ba ne. Da me zan iya taimakawa?

Da mota, da ɗaki, da harshe. Direba mai safiya ɗaya a mako yana warware matsalar da kuɗi bai warware ba, kamar yadda aka faɗa a amsar masu aikin yau da kullum. Masu riƙo kullum sun yi kaɗan, musamman na manyan karnuka, kuma ƙungiyar ce ke ɗaukar nauyin abinci da magani. Mai jin harshe fiye da ɗaya yana da amfani a waya da wajen cike takardu. Kafinta yana gyara shinge, mai lissafi yana rufe littafin shekara. Idan kuɗi za a bayar, kaɗan kowane wata ya fi yawa sau ɗaya amfani, don da shi ake iya yi wa asibiti alkawari. Idan abinci ne, a tambaya tukuna: sau da yawa na kare ya yi yawa a rumbu, na kyanwa da yashin bayan gidanta ne suka ƙare.